Kafin A Sayo Wa Ɗaliban Kebbi Kayan Mutum-mutumi, A Leƙa Cikin Giyabos

A 'yan shekarun nan gasar ƙera mutum-mutumi ta shiga bakin masu harkar ilimi a Nijeriya. Makarantun kuɗi suna tallata ta a allunan ƙofarsu, makarantun haɗaka na gwamnatin tarayya suna tura ɗalibai gasar FIRST LEGO League da gidauniyar Coderina ke shiryawa, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka halarci gasar FIRST Global ta farko a birnin Washington a 2017. Ko ba jima ko ba daɗe wannan iska za ta kaɗa sosai a Jihar Kebbi, inda muke da jami'ar tarayya da kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, da kwalejojin koyon sana'a a Zuru da Bunza. Abin maraba ne. Sai dai akwai tarkon da ya kamata a gano tun kafin a fara fitar da kuɗi. Duk wanda aka buɗe wa akwatin kayan irin wannan gasa a karon farko, idonsa ne ke riga hankalinsa yanke hukunci: ga alminiyon yana sheƙi, ga tayoyi masu launi, ga giyabos a rufe tsaf yana juyawa ba ƙara, ga littafin umarni cike da hotuna. Shugaban makaranta ya yaba, jami'in ma'aikata ya sa hannu, a ɗauki hoto a watse. A ganina wannan kallon farko bai isa ya zama ma'auni ba. Kayan da suka cancanci kuɗin jama'ar Kebbi su ne waɗanda ɗalibi zai iya kwancewa, ya ƙirga haƙoransu, ya lissafa aikinsu, ya kuma samo madadinsu a kasuwar garinsu ranar da suka lalace. Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar a giyabos.

Ƙaramin injin lantarki, komai ingancinsa, gudu gare shi amma ba shi da ƙarfin murɗa abu mai nauyi. Injin da ake kira CIM, wanda ɗaliban gasar FIRST Robotics a Amurka suka shafe shekaru suna dogaro da shi, yana aiki da batir mai ƙarfin lantarki daidai da na mota, kuma idan ba a ɗora masa kaya ba yana juyawa kimanin sau 5,300 a minti ɗaya. Da za a haɗa shi kai tsaye da taya mai faɗin inci 6, a takarda gudun zai haura kilomita 150 a awa, amma a ƙasa na'ura mai nauyin kilo 50 da ƙyar za ta gusa, injin ya ɗauki zafi, ya zuƙe batir, wani lokaci ma ya ƙone. Giyabos ne ke raba wannan gardama. A cikin wani sanannen giyabos na gasar, giya mai haƙora 14 ce ke juya mai haƙora 50, sannan a maimaita haka a mataki na biyu. A raba 50 da 14, a ninka abin da aka samu da kansa, sai a ga 12.75. Wato sai injin ya juya sau 12.75 kafin taya ta juya sau ɗaya. Gudu ya sauko zuwa kimanin kilomita 12 a awa, ƙarfin murɗawa kuma ya ninku wajen sau goma sha biyu, in aka cire ɗan abin da gogayyar ƙarfe da ƙarfe ta cinye. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko buhu biyu na shanshera daga fadama ya san wannan doka a jikinsa, shi ya sa ba ya tunkarar tudu da giya ta huɗu. Yaron da ya ƙirga haƙoran nan da yatsansa, ya yi lissafin da birunsa, sannan ya ga taya ta juya kamar yadda ya hasasa, ya riƙe darasin kaso da na da'ira da na ƙarfi riƙon da allo kaɗai ba zai ba shi ba. Wanda kuwa aka miƙa wa giyabos a rufe aka ce ya ɗaure noti huɗu, ɗaure noti kawai ya koya.

Ranar farko kowane giyabos lafiyayye ne. Halinsa na gaskiya sai an yi awoyi ana aiki da shi yake bayyana. Ɗan sararin da ke tsakanin haƙora yana ƙaruwa sannu a hankali har na'ura ta riƙa yin jinkiri kafin ta amsa umarni. Boris ya fara kuka. Sandar da ke ɗauke da taya ta ɗan karkace bayan karo ɗaya ko biyu, daga nan haƙora su soma cin juna ta gefe guda. Girgiza ta sassauta noti. Giyar alminiyon ta fi ta ƙarfe rashin nauyi amma ta fi ta saurin cinyewa, ta roba kuwa lodi ɗaya mai nauyi ya isa ya share mata haƙora. Duk wannan yana faruwa ko a ƙasar da aka ƙera kayan, inda ake gasar a kan darduma cikin zaure mai sanyi. To, ina ga Birnin Kebbi, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke shiga ko'ina? Ƙura idan ta cakuɗa da giris tana cin ƙarfe ne maimakon ta kare shi. Akwai kuma matsalar da ba ta bayyana a hoton talla, wato ma'auni. Yawancin kayan gasar Amurka da inci aka auna su, sandunansu da yawa masu kusurwa shida ne, borisinsu ma an yi masa rami mai kusurwa shida don ya dace da su. Mai sayar da kayan babur a kasuwar Birnin Kebbi ko Jega da milimita yake ciniki, borisinsa mai lamba 6201 ko 6202 ne, mai zagayayyen rami. Ko da kuɗi a hannu, wannan ba zai shiga wancan ba.

Daga nan sai batun dala. A watan Mayun 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460, a cikin 2024 kuwa ya haura naira 1,500. Kuɗin rajistar ƙungiya ɗaya a babbar gasar FIRST Robotics ya kai kimanin dala 6,000 a shekara, wato wajen naira miliyan 9 a wannan farashi, ban da kuɗin tafiya da na ƙarin kaya. Ƙananan gasanni sun fi haka sauƙi nesa ba kusa ba, amma cutar iri ɗaya ce: duk abin da ya karye, madadinsa yana ƙetare. Giya guda da ba ta kai faɗin tafin hannu ba sai an yi odarta, a biya kuɗin jirgi da na kwastan, a jira makonni ta iso Legas ko Abuja, sannan a nemi wanda zai kawo ta. Kafin ta zo zangon karatu ya ƙare, 'yan ajin ƙarshe sun fita, malamin da ya ɗauki abin da zafi wataƙila an yi masa canjin wurin aiki. Abin da ke biyo baya ya fi asarar kuɗin muni. Shugaban makarantar da ya san ba zai iya maye gurbin kaya ba, kulle su zai yi a ofis don kada yara su ɓata, a fito da su ranar da baƙi suka zo. Ba za a zarge shi ba, domin shi za a tuhuma idan an zo ƙirga kaya. Amma kayan koyon ƙira da ake tsoron yaro ya taɓa sun tashi daga aiki tun ba su lalace ba. Injiniya da ɓata kaya yake koyo, don haka dole abin koyonsa ya kasance mai arahar da za a iya jure ɓarnarsa.

Wannan ba hasashe ba ne, mun taɓa bin hanyar. Lokacin da aka fara aiwatar da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da darasin gabatarwar fasaha a ƙananan sakandare da kyakkyawar niyya, aka sayo injunan sassaƙa katako da na ƙarfe daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. A wurare da yawa akwatunan sun yi shekaru ba a buɗe su ba, saboda babu ɗakin aiki, babu wutar lantarki, babu malamin da ya san yadda ake harhaɗa su. Wasu tsatsa ta cinye, wasu aka sace, yara kuma suka ci gaba da zana hoton zarto a littafi suna haddace sunayen sassansa. Manufar ba ta da laifi, injunan ma ba su da laifi. Kuskuren shi ne an fara da sayayya, aka bar malami da wurin aiki da hanyar gyara a baya. Shekara arba'in da 'yan kai bayan haka, sunan darasin ya sauya, akwatin ya ƙanƙance ya ƙara kyau, amma idan aka sake farawa daga sayayya, sakamakon ba zai bambanta ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin lura shi ne su kansu waɗanda suka ƙirƙiro gasar ba daga kaya gamammu suka fara ba. Dean Kamen ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989, aka yi gasar farko a 1992 da ƙungiyoyi 28 a zauren wasannin wata makarantar sakandare a jihar New Hampshire. Tushen tsarin daga wani darasi ne da Farfesa Woodie Flowers ya yi suna da shi a jami'ar MIT, inda ake ba kowane ɗalibi tarkacen kaya iri ɗaya a ce ya ƙera na'urar da za ta yi wani aiki. Shekaru da dama akwatin gasar yana ɗauke da injin na'urar huda ƙarfe ta hannu tare da giyarsa, da injin ɗaga gilashin mota, da injin motar wasan yara, ɗalibai da masu koya musu su san yadda za su yi da su. Kamfanin AndyMark, wanda ya shahara da sayar da giyabos gamamme ga ɗalibai, sai a 2004 aka kafa shi a garin Kokomo na jihar Indiyana, kuma injiniyoyi biyun da suka kafa shi sun daɗe suna horar da ƙungiyar ɗalibai a garin kafin nan. Ko bayan kayan saye sun yawaita, dokar gasar ta shafe shekaru tana hana ɗora wa na'ura abu guda da farashinsa ya wuce dala 400, tana kuma tilasta wa kowace ƙungiya ta gabatar da jerin kayan da ta yi amfani da su da farashinsu. Ke nan giyabos gamamme ya samu yaran can ne a ɗakunan aiki masu injuna, kusa da injiniyoyi masu sa kai, ya rage musu wahalar abin da akwai mai koya musu shi. Idan muka kwaso kayan muka baro ɗakin aikin da malaman, mun ɗauko ɓangaren da ya fi tsada kuma ya fi ƙarancin amfani.

Yanzu a dubi abin da Kebbi ke rayuwa a kansa. A nan aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamban 2015. Daga nan shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta fito a ƙarshen 2016. A Argungu aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017, ga kuma Labana a Birnin Kebbi, ban da ƙananan injunan casa da ke kusan kowane gari. Daga fadamun gulbin Rima har zuwa gaɓar Neja a Yauri, duk inda aka juya ƙarfe ne ke juya ƙarfe: injin ban-ruwa, ƙaramin injin huɗa, injin sussuka, injin niƙa da na markaɗe, injin jirgin ruwa. Kowannensu tambayar da ke cikin giyabos ɗin mutum-mutumi ce a cikinsa. Ƙaramin injin fetur yana juyawa kimanin sau 3,600 a minti, gangar injin sussuka kuwa ba ta son ko kusa da haka. Gudu ya yi yawa, ƙwaya ta karye farashi ya faɗi; ya yi kaɗan, a bar shinkafa a jikin kara. Girman fulin da aka ɗaura wa bel shi ke yanke wannan hukunci, kuma lissafinsa shi ne na haƙora 14 da 50. Masu ƙera waɗannan injuna a garuruwanmu gwanaye ne, amma akasarinsu da gwaji da kwaikwayo suke aiki, ba su samu damar koyon lissafin ba. Ɗalibanmu kuma suna da lissafin a littafi, hannunsu bai taɓa giris ba. Gasar da ta haɗa waɗannan biyun ta yi wa jihar aikin da babu wani akwati daga ƙetare da zai yi mata.

Shawarata ita ce ma'aikatar ilimi ta jihar, tare da manyan makarantun da ke cikinta, ta kafa gasar Kebbi ta kanta da dokoki masu sauƙin fahimta. A ba kowace makaranta abubuwa kaɗan iri ɗaya waɗanda ba a yin su a nan: allon sarrafawa irin na Arduino, na'urorin ji da gani, da batir. Sauran jikin na'urar, musamman abin da ke kai ƙarfi daga inji zuwa taya, ɗalibai su haɗa shi daga kayan da ake samu a kasuwannin jihar, a kuma ƙayyade iyakar kuɗin da za a kashe. Kayan suna nan birjik. Injin waifar mota yana da giya mai kama da dunƙulen zare a cikinsa, wadda ke rage gudu ƙwarai kuma ba ta bari kaya ya juya ta baya, ga shi ta dace da hannun ɗaga kaya. Tsohuwar na'urar huda ta batir tana da giya masu kewaya juna. Matacciyar firinta tana da ƙananan injuna da bel mai haƙora. Ga sarƙar keke da ta babur da fayafayansu. Kowace ƙungiya ta zo da littafin lissafinta da rasitanta. Alƙali ya nuna duk yaron da ya ga dama a cikinsu ya ce ya kwance giyar ya yi bayanin dalilin zaɓenta, a kuma ware maki ga ƙungiyar da ta fi saurin gyara abin da ya karye a fili. Ayyukan gasar su fito daga gona: hawa tudu da mudu goma na shanshera, buɗe ƙofar ruwa a kwali, jera iri a layi. A haɗa kowace makaranta da bakanike ko mai walda na unguwarsu, a biya shi haƙƙinsa, a rubuta sunansa a takardar yabo. Zagayen ƙarshe kuma a kai shi bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, kuma dama akwai baje kolin kayan gona a cikinsa. A can manoma ne za su zama 'yan kallo, su kuwa sun san injin da ke aiki.

Za a ce zamani ya wuce nan, duniya ta koma kan manhaja da ƙirƙirarriyar basira, don haka ɓata lokacin yaro a kan haƙoran ƙarfe mayar da shi baya ne. Akwai gaskiya a cikin maganar, domin rubuta manhaja sana'a ce mai daraja kuma tsarin da na kawo bai cire ta ba, allon sarrafawar nan sai an rubuta masa umarni. Amma mutum-mutumi manhaja ce da aka ba jiki, kuma komai kyan umarni, idan giya ta zame ko sanda ta karye, na'urar tana nan tsaye. Hannuwan ƙarfen da ke haɗa motoci a masana'antun Japan da Jamus, abin da ya fi wuyar ƙerawa a gaɓoɓinsu shi ne giyar rage gudu, kamfanonin da suka ƙware a kanta a duniya ma 'yan kaɗan ne. Sannan a duba ta ɓangaren dama. Yaron da ke da wayar hannu da data yana iya fara koyon manhaja a ɗakinsu, kuma shirye-shiryen koyar da ita suna ta ƙaruwa. Sanin yadda ƙarfe ke ɗaukar nauyi, da inda yake karyewa, da yadda ake daidaita sanduna biyu su tafi tare, ba a samunsa a waya. Sai da sifana a hannu. Idan makaranta za ta kashe kuɗi, ta kashe a kan abin da yaro ba zai samu a wani wuri ba.

Za a kuma ce gasannin duniya kayansu na musamman suke buƙata, wanda bai saba da su ba ba zai kai labari ba. Gaskiya ne a FIRST Global kowace ƙasa kaya iri ɗaya ake aika mata, kuma ba na cewa a hana ɗaliban Kebbi shiga. A ajiye irin waɗannan akwatuna kaɗan a cibiya ɗaya ko biyu, waɗanda suka yi fice a gasar jiha su yi atisaye da su. Wanda ya haɗa giya daga tarkace, kayan da aka yanka daidai ba za su ba shi wahala ba, amma wanda ya saba da gamammen kaya, ranar da babu su ya tsaya cak. Misalai suna nan. Japan tana gudanar da gasar mutum-mutumi ta kwalejojin fasaharta tun 1988, inda ɗalibai ke zana na'urorinsu su ƙera da kansu. Da aka faɗaɗa tsarin zuwa gasar ABU Robocon ta ƙasashen Asiya a 2002, ɗaliban Biyetnam ne suka lashe ta farko, suka sake lashewa a 2004 da 2006, alhali ƙasarsu ba ta kusa da Japan a arziki. A nahiyarmu, a 2012 Ayorkor Korsah ta jami'ar Ashesi a Ghana da Ken Goldberg na jami'ar Kalifoniya suka sa gasar ƙera mutum-mutumin koyarwa da bai wuce dala 10 ba, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi nasara an yi shi ne da tsohon abin riƙon wasan bidiyo da alawar tsinke. Kofin ƙasa da ƙasa yaro biyar ko shida ke ɗagawa. Gasar jiha mai araha tana iya taɓa dubbai.

Ƙorafi na uku shi ne ya fi nauyi, kuma daga injiniyoyi yake fitowa. Suna cewa yabon kayan jari-bola ya zama mana ɗabi'a, muna tafa wa duk wanda ya haɗa wani abu daga gwangwan alhali abin ba ya kaiwa kasuwa, kuma tarkace ba ya koyar da aiki bisa ma'auni. Suna da hujja. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da sassan tsofaffin ababen hawa. Hazaƙa ce ta gaske, amma hazaƙa irin wannan ba ta zama masana'anta sai an ɗora ta a kan ma'auni da gwaji da rubutu. Wannan ne ya sa na dage a kan littafin lissafi da tambayar alƙali. Kayan kasuwa mafari ne kawai. Yaro ya auna kaurin sanda da ma'aunin injiniya, ya rubuta gudun da yake tsammani, ya gwada, ya bayyana dalilin bambancin da ya gani. Ƙungiyoyin da suka haye zagaye na biyu a buɗe musu ɗakunan aikin kwalejin Waziri Umaru da na jami'ar Aliero, su zana giyarsu a kwamfuta, a yanka musu ita a injin sassaƙa ƙarfe ko a buga ta da firintar 3D, su ga da idonsu yadda kuskuren rabin milimita ke hana haƙora shiga juna. A haka tarkace ya zama matakin farko na tsani, kuma manyan makarantun su san yaran da za su zo musu tun suna sakandare. Kada a manta Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors kuma ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya karanci zanen gine-gine kafin ya wuce Detroit.

Akwai kuma masu cewa jihar da yara da yawa ba sa zuwa makaranta, wasu azuzuwa ba kujeru, ga fargabar tsaro tun bayan sace ɗaliban Birnin Yauri a watan Yunin 2021, ba ta da hurumin maganar mutum-mutumi. Ba mai hankalin da zai sa gasa gaba da rayukan yara ko rufin aji. Amma wannan ƙorafi, idan aka bi shi a hankali, goyon bayan tsari mai araha yake yi. Jihar da kuɗinta ke da wuraren zuwa da yawa ita ce ta fi kowa buƙatar ta guji akwatin miliyoyi da zai ƙare a kulle. Kuɗin akwati ɗaya na ƙetare zai saya wa makarantu da dama sifanu da ma'aunai da injunan waifa, kuma kuɗin zai tsaya a hannun 'yan kasuwar jihar. Sannan ɗaya daga cikin dalilan da ke sa uba ya cire ɗansa daga boko ya kai shi gareji shi ne bai ga abin da karatun ke ƙara wa hannun yaron ba. Ranar da ɗalibar aji biyar ta lissafa wa mai injin markaɗen unguwarsu girman fulin da zai rage masa shan mai, ko ɗalibi ya gano dalilin da bel ɗin injin casar mahaifinsa ke yawan tsinkewa, makaranta ta samu mai kare ta a wannan gida. 'Yan mata kuwa dole a sa su cikin gasar tun daga shekarar farko, makarantunsu su samu kaya da masu horarwa daidai da na maza.

Don haka ina kira ga ma'aikatar ilimi ta Jihar Kebbi, da shugabannin makarantu na gwamnati da na kuɗi, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da 'yan majalisar da ke son yi wa mazaɓunsu abin alheri: duk mai kawo muku tallar kayan mutum-mutumi, ku yi masa tambaya huɗu kafin ku sa hannu. Yaro zai iya buɗe giyabos ɗin ya mayar ba tare da ya lalata shi ba? Idan giya ko boris ya mutu, a wace kasuwa za a samu madadinsa, a nawa, cikin kwana nawa? Wa zai horar da malamin, kuma wa zai maye gurbinsa idan ya tashi? Yara nawa ne za su taɓa kayan da hannunsu a zango ɗaya? Wanda ya kasa amsa waɗannan, a ba shi haƙuri. Kuɗin a raba shi uku, a horar da malamai, a gyara ɗakin aiki, a sayi kayan da za a iya ɓatawa a sake saye. Kamfanonin shinkafa da ke cin moriyar fadamunmu su ɗauki nauyin kyaututtuka, domin masu gyara musu injuna nan da shekara goma suna cikin azuzuwan nan yanzu. Iyaye kuma, idan makaranta ta karɓi kuɗinku da sunan darasin mutum-mutumi, ku tambayi yaranku haƙora nawa ne a giyar na'urarsu, da dalilin da ya sa aka zaɓi wannan adadi. Idan sun amsa, kuɗinku ya yi aiki. Idan ba su sani ba, ku koma makarantar ku nemi bayani.